Kalmar Ƙarshe ta Inna Kadija

Duk ranar Juma'a, da ladan ya yi kiran farko, unguwar su Yakubu mai gyaran moto, wato babur, takan koma kamar an share ta da tsintsiya. Maza su saɓa darduma su nufi babban masallacin Dakoro, masu shaguna su ja ƙofa, awaki ma su nemi gindin katanga su kwanta. To a daidai wannan lokaci ne ake ganin namiji guda yana shigowa unguwar, kowa na fita shi yana shiga. Badaru ke nan, yayan Yakubu uwa ɗaya uba ɗaya, mai yi wa dabbobi allura, wanda ya zama Kirista shekara ashirin da biyu da suka wuce.

Ba wanda ya zaunar da su ya tsara musu haka. Yakubu ba ya son ganin yayansa, yayan kuma ba ya son ganin yadda Yakubu ke kau da kai, sai Juma'a ta raba gardama. Ƙane yana masallaci, wa yana ɗakin uwarsu. Kafin a sallame salla Badaru ya buga motonsa ya bar unguwa, sai dai Yakubu ya dawo ya ga sawun taya a ƙofar gida ya yi kamar bai gani ba.

Sunan nan Badaru ma ya kusa mutuwa a bakin mutane. Makiyaya, tun daga garin Rumbu har can arewa inda gonaki suka ƙare, Mai-allura suke ce masa. 'Yan majami'a suna kiransa Barnaba, sunan da ya ɗauka ranar da aka yi masa baftisma. Yakubu ya tashi yana ce masa Yaya, amma tun da abin ya faru ya mayar da shi "mutumen nan". Ita kuwa uwarsa, Inna Kadija, ba ta taɓa kama sunan ba tun ranar da aka raɗa shi, domin ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce, irin waɗanda kunya ta ratsa har ɓargo. Da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Mai Yara. Da ya dawo, in tana son aikensa sai ta dubi bango ta ce, "Kai, ɗauko mini moɗa." Ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci a gabansa, in an yabe shi sai ta tashi ta shiga ɗaki. Shekara hamsin da ɗaya haka suka yi, kuma bai taɓa shakkar tana son sa ba.

Mutanen gari sun ce don buhun shinkafa ya bar addini. Ina ma haka ne, da abin ya zo da sauƙi, don wanda ya shiga saboda shinkafa da shinkafa ake fito da shi. Badaru yarda ya yi, yarda ta gaske. Sanƙarau ne ya kayar da shi a daji yana bakin aiki, wani Kirista mai suna Abarci ya ɗauke shi a amalanke ya kai shi likita, ya yi jinyarsa wata guda. A kwancen nan ya yi tambayoyinsa, ya ji amsoshi, abin ya shige shi. Abarcin nan shi ne yanzu faston 'yar majami'arsu, ɗakin ƙasa mai rufin kwano da ba ya tara mutum arba'in ko ranar Kirsimati.

Da labari ya iso gida, mahaifinsu yana da rai a lokacin, ya sa aka ware wa Badaru ƙwarya da moɗa, kada kowa ya ƙara sa baki inda ya sa. Mata suka taru a kan Inna wai ta tsine masa. Tana daka, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta ke nan a kan maganar. Duk Juma'a dai yakan tarar da fura a ƙwaryar nan da aka ware masa, an rufe da faifai, an ajiye a bakin ƙofarta.

Ga abin da ke cin Badaru. Ya yi wa makiyaya wa'azi a bakin rijiyoyi, ya yi wa direbobi a tasha, an zage shi an kore shi bai fasa ba. Amma uwar da ta haife shi bai taɓa yi mata ko kalma ɗaya ba. Ta ina zai fara? Mutumin da ba a haɗa ido da shi, ta yaya zai ce a zauna a yi zancen lahira? Abin da ya yi imani da shi kuwa ba shi da kwana-kwana: ƙofar ceto ɗaya ce, Almasihu, wanda bai bi ta nan ba ya ɓata har abada, komai kirkinsa. Fasto Abarci ya sha ce masa, "Barnaba, ba a fafe gora ranar tahiya. Tsohuwar nan kullum gaba take yi." Sai ya ce to, Juma'a mai zuwa. Juma'a ta zo, ya sha furarsa, ya gaida bango, bango ya amsa, ya tafi.

Wata bakwai kafin ranar da nake ba da labari, ɓarin jikin Inna na dama ya shanye. Aka kai ta Maraɗi aka dawo da ita a kwance. Ciwon bai tsaya ga hannu da ƙafa ba, ya kwashe mata kalmomi. Tana gane kowa, tana sane da abin da take so, amma in ta buɗe baki sai maganar ta ɓace mata a hanya. Sai dai in an ja mata baki tana bi, kamar yaro a gaban malam. Ka ce ruwa, ta ce ruwa. Ka ce fura, ta ce fura. Don haka safe da yamma Yakubu yakan durƙusa a gefenta ya laƙƙana mata kalmar shahada gaɓa-gaɓa, tana bi har ta kai ƙarshe, sannan ta lumshe ido hankalinta ya kwanta. Ba abin da tsohuwar nan take tsoro a duniya kamar ta cika babu kalma a bakinta.

Ranar Juma'a ce ta kaka, ana ta kai wake gida. Matar Yakubu ta tafi Sabon Maci suna tun da safe da 'ya'yanta, da yake jikin Inna ya kwana da sauƙi. Badaru ya jingine moto, ya yi sallama ya shiga. Ba fura a bakin ƙofa, dama tun da ta kwanta babu. Ya tsuguna daga nesa kamar yadda ya saba, ya ce, "Inna, ina wuni? Ya jiki?"

Ba ta ce jiki ba. Numfashinta ya ji. Mutumin da ya shekara talatin yana durƙusawa a kan bisashe masu mutuwa ba a gaya masa irin wannan numfashi, mai ja da nisa, ya tsaya, sannan ya dawo da gurnani. Ya matsa kusa ya taɓa ƙafarta, ta yi sanyi har gwiwa. Ya ciro salula ya kira Yakubu, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Daga nesa lasifika na kawo muryar liman yana huɗuba.

Bayan zanan da ya raba gidan da na maƙwabta kuwa ana jin ƙarar sanda a kan tarin wake. Sharifa ce, tsohuwar ƙawar Inna, tana sussuka. Kira ɗaya ya isa. Da ya ɗaga murya ya ce Sharifa, da ta jefar da sanda ta zagayo, da ta yi abin da ya kamata. Badaru ya buɗe baki zai kira ta, sai ya rufe. Ba ruɗewa ce ta hana shi ba, kada a yi masa wannan uzuri, shi ma bai yi wa kansa ba. Zuciyarsa ce ta ce masa, shekara ashirin da biyu kana roƙon Ubangiji ya buɗe maka hanya, ga ta ya buɗe. Gida ba kowa, unguwa ba kowa, daga kai sai ita. In ka kira Sharifa ka mayar wa Allah kyautarsa.

Yana cikin haka sai ya ji an kama wuyan hannunsa. Inna ce, da hannunta mai lafiya. Rabon da jikinta ya taɓa nasa da gangan tun yaye.

"Kai," ta ce. Leɓɓanta suna rawa, tana farautar magana. "Kai... ja mini."

Ya gane. Ba ta ce masa a kira Yakubu ba, ba ta ce a kira malam ba. Shi ta ce wa, ta kuma san ko shi wane ne. Ta buɗe baki kaɗan tana jira, yadda take yi wa Yakubu.

A nan Badaru ya ga abin da bai taɓa hangowa ba a duk shekarun da ya yi yana addu'a. Duk abin da ya faɗa za ta bi. In ya ce, Inna, ce Almasihu Mai Cetona, za ta faɗa, gaɓa-gaɓa, yadda take cewa ruwa, yadda take cewa fura. To wannan karɓa ce? Makauniya ta miƙo maka sanda ta ce kai ni gida, kai kuma ka ja ta zuwa wani gari. Matar da ta yi shekara saba'in goshinta na ƙasa, matar da ta ƙi tsine masa duk garin na zuga ta, ya yi mata fashi a bakin kabari don ta kasa kare kanta. Ya ji ƙyamar kansa tun bai yi ba.

To ya ba ta abin da ta roƙa mana. Kalmar tana nan a harshensa, da ita aka yi masa huɗuba a kunne ranar da ya zo duniya, ba ta goge ba. Amma in abin da ya yi imani da shi gaskiya ne, da hannunsa zai ja mata ƙofa ya rufe, a numfashinta na ƙarshe, yana sane. Kuma zai musanta Ubangijinsa da bakinsa, domin a Dakoro kowa ya san wanda ya furta kalmar nan ya dawo ke nan, ba a furta ta da sunan aro. Gaba kura, baya sayaki.

"Inna," ya ce, "ki dakata."

"Dakata," in ji Inna.

Ashe ko wannan za ta bi. Ashe duk abin da ya fita daga bakinsa yanzu yana iya zama guzurin da za ta tafi da shi. Sai ya datse haƙora. Tsoro ya hana shi kalmar masallaci, kunya ta hana shi ta majami'a, yanzu kuma ya ji tsoron kowace kalma a duniya. Ya durƙusa yana kallonta, yana aunawa, yana sake aunawa, kamar akwai lokaci.

Ta jira. Da ta ga shiru sai ta gwada da kanta. "La..." ta ce. Ta tsaya. "La..." Sauran ya gudu. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta mai lafiya ya shiga kunne. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta juyo da ido ta dube shi tsakiyar fuska, ta daɗe tana kallo. Sannan da murya sarai, irin muryarta ta da wadda take kiran kaji da ita, ba wanda ya ja mata baki, ta ce:

"Badaru."

Ya zabura har ya kusa waiwayawa ya ga wa ake kira. Bai taɓa sanin yadda sunansa yake a bakinta ba. Haƙoransa na datse, idonsa na cikin nata. Numfashin ya ja da nisa ya tsaya. Ya jira ya dawo. Yatsunta suka saki hannunsa ɗaya bayan ɗaya. Can a masallaci liman ya yi sallama.

Ya rufe mata ido, ya yagi gefen kallabinta ya ɗaure haɓa, ya juya ta ta fuskanci gabas yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Ya fito ya zauna a bakin ƙofa inda ake ajiye masa fura. A ranar ne Yakubu ya dawo ya tarar da moton, ba sawunsa ba.

Yakubu ya shiga ɗaki ya fito, ya yi salati, ya dafa bango. Tambayar farko da ya yi ita ce wadda kowa ke yi, wadda kuma Badaru ya san tana tafe.

"Ta cika da kalma?"

Badaru ya dubi ƙanensa. Namiji mai shekara arba'in da biyar, hannu duk baƙin mai, yana jiran amsa kamar yaro. Wata bakwai yana durƙuso safe da yamma don wannan minti ɗaya, mintin ya zo yana masallaci.

"Ta cika da ita," in ji Badaru.

Yakubu ya sauke ajiyar zuciya, ya shafa fuska. Sai kuma ya tsaya. Ya fi kowa sanin Inna ba ta iya farawa da kanta. Ya dubi tsakar gida, ba kowa. Ya dubi yayansa, ya daɗe yana dubansa, idonsa ya cika.

"Ba ni tambayarka wa ya ja mata baki," ya ce a hankali. "Kuma ba ni hwaɗa ma kowa, kak ka ji tsoron mutanenku. Abin da ke tsakaninka da Allah naka ne. Na gode, Yaya."

Da zaginsa ya yi da ya fi wa Badaru sauƙi. Shekara ashirin da biyu yana ƙishin jin Yayan nan, ga shi ya samu a kan abin da bai yi ba.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Badaru ya yi haƙa tare da samari har tafin hannunsa ya ɗuri ruwa, ba wanda ya hana shi. Da aka jera sahu sai ya koma gindin wata aduwa ya tsaya shi kaɗai, yana jin dattawa suna cewa baiwar Allah ta dace, ga Juma'a ga kalma, irin wannan cikawa ake roƙo. Da aka gama rufewa Yakubu ya ɗebo ruwa a moɗa ya miƙa masa. Ya sha. Yakubu ya karɓa, a gaban kowa, ya sa baki daidai inda yayansa ya sa, ya shanye sauran.

Daga maƙabarta bai koma gidan makoki ba, majami'a ya nufa. Ya tarar da Fasto Abarci a tsakar fili yana ɗaure ƙafar wani benci da waya. Tsoho ne yanzu, gashi fari fat, ido ɗaya ya fara hazo. Ya riga ya ji rasuwar, ya yi masa gaisuwa, sannan ya rage murya.

"An ce kai kaɗai ke wurin. Barnaba, ta karɓa?"

Badaru ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Tambaya iri ɗaya, sai dai kowa da ƙofar da yake nufi. Ya zauna a ƙasa ya zayyana masa komai, har da Sharifa da bai kira ba, har da ƙaryar da ya yi wa Yakubu. Bai rage ko ɗaya ba.

"Yanzu hwaɗa mini, Baba. Ina take?"

Fasto ya juya wayar da ke hannunsa. "Hukunci na Allah ne, ɗana. Shi ya san zukata."

"Ba haka kake cewa ran Lahadi ba. Ran Lahadi cewa kake gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Liman ma haka ya ce yau, na ji shi ta lasifika ina riƙe da hannunta. Ni ba jaje na zo nema ba. Abin da munka yarda da shi nike tambaya. Ina take?"

Tsohon ya ajiye wayar a kan bencin.

"Ubana bai taɓa salla ba, bai taɓa shiga majami'a ba," ya ce. "Gindin tsamiya yake yanka baƙin bunsuru kowace shekara kahin shibka, nan ya gada, nan ya mutu. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shekarar yunwa ya buɗe rumbunshi ga gari duka. Shekara arba'in ke nan ina bincike ko zan samu 'yar taga da zan shigar da shi, ban samu ba. Abin da anka ba mu, ƙofa ɗaya ce. Ba ni iya sara ta biyu da bakina don in share maka hawaye. In na yi, na yi maka ƙarya, kuma kai ka san ƙarya ce."

"To kai ya kake kwana?"

"Wa ya ce maka ina kwana?"

Badaru ya dafe kai. "Tun da rana nike juya abin nan, Baba, ko'ina na juya shi ƙaya ne. In tamu ce gaskiya, uwata na wuta, kuma ina durƙushe gabanta da makulli a hannu na ƙi buɗe mata. In tasu ce gaskiya, tsohuwa ta roƙe ni abu ɗaya tak a rayuwarta na hana ta, ta tahi hannu wofi saboda ni. In kuwa duk hanyoyin gida ɗaya suke zuwa, kamar yadda wani mushen lakwal, malamin makarantar boko, ke cewa..." Ya ɗago kai. "Wanga ita ta fi ba ni tsoro. Ke nan shekara ashirin da biyu ina shan hura a ƙwaryar da anka ware, ƙanena na kau da kai, a banza. Ke nan yau ko wacce na hwaɗa mata daidai ce, na bar ta tana jira baki buɗe a kan abin da bai kai komi ba. Zaɓa mini ɗaya, Baba. Wacce zan so ta zama gaskiya?"

Fasto Abarci bai zaɓa ba. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya ce, "Mu yi addu'a, Barnaba." Badaru ya sunkuyar da kai don girmamawa, tsohon ya yi ta roƙo, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Imanin Badaru bai tafi ba, abin takaicin ke nan. Da ya tafi da ya huta. Yana nan daram, sai dai yanzu duk lokacin da ya tuna Aljannar da aka yi masa alkawari, sai ya ga wuri mai haske da waƙoƙi, babu Inna a ciki, kuma an ce masa zai yi murna a can har abada.

Rana ta yi ja lokacin da ya koma unguwar. Maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, Yakubu ya matsa ya yi masa wuri kusa da shi. Ya ce bari ya ɗauko hularsa da ya manta a ciki. A lungun da ke tsakanin zanan gidajen biyu ya yi kiciɓis da Sharifa, ta fito daga wurin mata da tsintsiya a hannu. Ita ta yi wa Inna wanka. Ta dube shi, ta dubi hagu da dama.

"Ɗan nan, tsaya." Ya tsaya. "Ina bayan zanan ga ina sussukar wake lokacin. Na ji."

"Mi kika ji, Gwaggo?"

"Na ji an ce Badaru. Har na aje sanda, na ce wa ke kama wanga suna a ɗakin Kadija? Shekara hamsin muna tare, ko a ɓoye ba ta taɓa hwaɗinshi gabana ba. Na ce in zagayo, sai na ce a'a, bari in bar uwa da ɗanta, yau kunya ta kau. Na kasa kunne. Ban ƙara jin komi ba har anka sallame salla."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ba ni hwaɗa ma Yakubu, bar shi da abin da ya samu. Zancen kalma kuma tsakaninta da Mahaliccinta, goshinta ma shaida ne, ni na wanke shi. Ba shi ya dame ni ba. Kunnena ya yi nauyi, wataƙila ni ce ban ji ba, shi ya sa nike tambaya." Ta matso kusa. "Da ta kira ka, ka amsa mata?"

Badaru ya tsaya kamar an kafa shi. Tun azahar yake auna kalmomi biyu manya, ya kai su gaban ƙanensa, ya kai su gaban fasto, ya juya su ta kowace fuska. Ko sau ɗaya bai tuna da wannan ba. Na'am. Ba liman da zai ce ya dawo saboda ita, ba fasto da zai ce ya musanta Ubangiji. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san in uwa ta kira ana amsawa. Sau ɗaya ta kira shi a duniya, tana kallon fuskarsa, shi kuwa ya datse haƙora yana lissafin lahira.

Sharifa ta karanta amsar a fuskarsa. Ta gyara mayafi ta koma wurin mata.

Ya ƙarasa ƙofar ɗakin Inna. An riga an naɗe tabarmar, an share ƙasa, an yayyafa ruwa. Ƙwaryarsa na rataye a ƙusa inda take tun wata bakwai, faifai a kife a kanta. Ya tsuguna daga nesa, daidai inda ya saba tsugunawa, ya dubi bango.

"Na'am, Inna," ya ce.

Daga ƙofar gida Yakubu ya ɗaga murya, "Yaya, hito, ga mutanen Mai Yara sun iso gaisuwa."